Yadda ake canza katin rediyo da eriyar akses foyin ba tare da ka ƙona shi ba

Kusan duk wanda ya zo min da kukan cewa waifai ɗinsa ba ya kaiwa ɗakin baya, tambayar farko da yake yi ita ce "ina ake ƙara fawa?" Toh ni dai na buɗe cikin akwatunan nan ba adadi, na gyara wasu na kashe wasu da hannuna, kuma a lissafina fawa ita ce ta ƙarshe. Waifai hira ce tsakanin mutum biyu. In ka sa akses foyin, wato akwatin da ke watsa waifai ɗin, yana ta ƙwala ihu, wayarka za ta ji shi daga nesa sandunan siginal su cika taf, amma in ta buɗe baki ta amsa da 'yar muryarta shi ba zai ji ba, shi ya sa kake ganin siginal fal amma shafi ya ƙi buɗewa. Eriya mai kyau kuwa tana ƙara murya tana ƙara kunne a lokaci guda, kati mai kyau shi ma haka. Can za mu sa ƙarfinmu.

Kayan da za ka tanada

- Ƙananan sukudireba, mai sita da filat, wasu akwatunan kuma sai mai baki shida da ake kira Torx
- Tsohon katin roba na ɓamɓare murfi, kar ka sa wuƙa
- Abin ɗaurawa a wuyan hannu mai kwashe wutar jiki. In babu, ka riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa fanel, wato allon lantarkin da ke cikin akwatin, kuma kar ka yi aikin a kan kafet
- Sabon katin rediyo, wato katin da ke watsawa da karɓar waifai ɗin, in na'urarka tana da wurin sa shi
- 'Yan gajerun wayoyin nan da ke tashi daga kati zuwa jikin akwati, ni jela nake ce musu, ɗaya ga kowane bakin eriya
- Eriyoyin da ka zaɓa, da kebul mai 50 ohm in za ka nisanta su
- Diril mai bakin milimita 6.5 in akwatin ba shi da isassun ramuka
- Kwamfuta da kebul ɗin netwok, domin akwai lokacin da waifai ɗin zai mutu gaba ɗaya ta kebul kawai za ka shiga
- Waya mai manhajar da ke nuna siginal da lamba, wato dBm

1. Fara aunawa kafin ka kwance ko sukuru ɗaya

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, daga baya su zo suna cewa "kamar dai ya ɗan fi". Zaɓi wurare huɗu ko biyar, kusa da na'urar, tsakiya, da can inda siginal ke mutuwa, ka tsaya a kowanne ka rubuta lambar dBm a takarda. Lambar da alamar ragi take zuwa, saboda haka -50 ya fi -70 ƙarfi nesa ba kusa ba. Wajen -67 ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya lafiya, in ka kai -80 sai haƙuri. In ka iya, sa manhajar auna gudu ta iperf3 a kwamfutar da ke haɗe da kebul ka auna gudu tsakaninta da wayarka, ya fi auna gudun intanet domin shi intanet yana hawa yana sauka da kansa, zai ruɗe ka.

Wani lokacin ma a nan aikin ke ƙarewa, ka ga akwatin a ƙasan tebur yake ko bayan talabijin, ka ɗaga shi sama ka kawo shi tsakiyar gini sai matsala ta kau. Gwada wannan tukuna.

2. Duba ko na'urarka ma tana karɓar canji

Iri uku ne. Akwai mai eriyar da ake murɗewa a cire, wannan sauƙi. Akwai mai eriyar da ba ta fita ko take ɓoye a ciki, amma in ka buɗe za ka ga siririyar wayarta ta sauka kan wani ɗan maɓalli mai kamar botin ɗin riga a jikin fanel, shi ne U.FL, wannan ma ana iya canzawa da jela. Sai na uku wanda aka narka wayar da dalma kai tsaye, shi kam in ba ka saba da sodarin ba ka ƙyale shi.

Maganar rediyo kuwa gaskiya ɗaya ce, yawancin rautocin gida an manne rediyonsu a kan fanel, ba abin da za ka cire. Waɗanda ke da ramin kati su ne irin allunan PC Engines APU, Turris Omnia, wasu RouterBOARD na MikroTik, da ƙananan kwamfutoci da ake mayarwa akses foyin. Ramin ko dai mini PCIe ne ko M.2. Kuma ka kula sosai, ramin mSATA na ajiya kamanninsa ɗaya sak da mini PCIe, kati zai shiga ya zauna daram amma ba zai taɓa aiki ba, wani ramin kuma layin USB kawai aka ja masa saboda modem. Karanta takardar allon, kar ka dogara da ido.

In rediyonka mannanne ne, tsallake maganar kati ka yi ta eriya kawai. In kuma abin da kake so zangon waifai na 5 GHz ne alhali na'urar 2.4 kaɗai take da shi, babu eriyar da za ta ba ka wannan, sai dai ka ƙara akses foyin na biyu ka ja masa waya. Buɗe akwati kuma yana kashe garanti, ka san da haka.

3. Zaɓen kati

Ba kowane katin waifai ke iya zama mai masauki ba. Na laftof, musamman na Intel, an yi su ne su haɗu da wani, a 5 GHz yawanci ba sa yarda su watsa. In OpenWrt, wato manhajar Linux da ake sa wa rauta, ko wani Linux kake amfani da shi, nemi mai cif ɗin Qualcomm Atheros ko MediaTek. AR9280 tsoho ne na 802.11n, ma'aunin 2009, amma direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ath9k ba ya ba da ciwon kai. QCA9880 da QCA9882 na 802.11ac ne, ma'aunin 2013 da ke aiki a 5 GHz kawai, su ne a cikin katunan Compex WLE900VX mai baki uku da WLE600VX mai baki biyu, direbansu ath10k. MT7915 na Wi-Fi 6 ne, direbansa mt76. In RouterOS, manhajar MikroTik, ne a allonka, sai katin da MikroTik suka ce suna goyon baya, ba ka da hanyar ƙara direba da kanka.

Abu uku za ka tambaya kafin ka saya. Na farko tsawo, akwai cikakken kati mai kusan milimita 51 akwai rabi mai kusan 27, in rabi ne ramin kuma na cikakke, ana samun ɗan ƙarfen ƙarin tsawo. Na biyu, yawancin katunan da aka rubuta musu 2.4 da 5 ɗaya suke yi a lokaci guda, ko wannan ko wancan, in kana son duka biyun su tashi tare sai kati biyu ko wanda aka rubuta DBDC, wato mai yin duka biyun a lokaci guda. Na uku wuta da zafi, ramin 3.3 volt yake bayarwa, manyan katunan Wi-Fi 6 kuma suna da ci, in allon ko adaftarsa ba su da ƙarfi za ka ga na'urar tana mutuwa tana tashi duk sanda aka matsa mata da lodi.

Af, duba bakin netwok ɗin akwatin ma. In 100 Mbps ne, duk tsadar katin da ka sa a nan gudun zai tsaya.

4. Zaɓen eriya, inda aka fi yin asara

Eriya ba ta ƙirƙirar fawa, tattara wadda ke akwai take yi ta tura wani gefe. Ka ɗauki ƙwallon roba mai laushi ka danne shi da tafin hannu, zai baje ta gefe ya rage tsayi, toh haka siginal ke yi in dBi, wato ma'aunin yadda eriya ke tattara shi, ya ƙaru. 'Yar sandar da ke zuwa da rauta wajen 2 dBi take, tana watsawa gefe da gefe har da ɗan sama da ƙasa. Mai 9 dBi doguwa tana kai nesa a fili ɗaya, amma wanda ke bene na sama ko wanda ke tsaye dab da ƙarƙashinta sai ya rasa. Na taɓa sa wa wani gini mai hawa biyu irin dogayen nan ina ta murna, ƙasa ya gyaru, sama ya mutu murus, sai da na cire na mayar da masu 5 dBi. Tun daga nan a cikin gini ba na wuce 5 ko 6.

Lissafin da ya kamata ka riƙe kaɗan ne: ƙarin 3 dB ninki biyu ne na fawa, ƙarin 6 dB kuma shi ke ninka nisa sau biyu a fili fetal inda babu bango. Bango, musamman na kankare mai rodi, da madubi da tankin ruwa, suna cinye wannan ribar nan take.

In mutanen da kake son kai wa siginal a gefe ɗaya suke, misali akwatin yana ƙarshen dogon zaure, eriya mai faranti da ake mannawa a bango ta fi, domin ba ta ɓarnar siginal a baya. In gini da gini za ka haɗa, sai Yagi, wato doguwa mai jerin sanduna, ko mai kwano, a juya su suna kallon juna.

Eriya kuma da zangonta. Ta 2.4 GHz ba ta aiki daidai a 5, in katin zai yi duka biyun nemi wadda aka rubuta mata duka biyun. Kati mai baki uku yana son eriya uku, kuma iri ɗaya. Kar ka sa ɗaya ƙatuwa biyu ƙanana, kar kuma ka kai ɗaya wancan ɗakin ɗaya wannan ɗakin da sunan raba siginal, tare suke aiki a kan wayar hannu ɗaya, in ka raba su gudu ya faɗi.

5. Kawuna da kebul

Nan ne ake cin mutum ba tare da ya sani ba. SMA da RP-SMA zarensu ɗaya, suna ɗauruwa da juna lafiya lau, bambancin yana tsakiya. A na waifai, RP-SMA, allurar tana jikin akwati, ramin yana jikin eriya. A SMA akasin haka ne. In ka ɗaura eriya mai rami a kan baki mai rami, za ta ɗauru tsaf ka ji daɗi, amma ba abin da ya taɓa wani a ciki, kamar ba ka sa eriya ba. Na ɓata yini guda cur ina zargin kati ashe wannan ne. Leƙa cikin kowane kai da idonka, dole ɗaya allura ɗaya rami. Tsofaffin Linksys WRT54G kuma RP-TNC suke da shi, ya fi girma, manyan eriyoyin waje kuma yawanci N ne.

Ta ɓangaren kati, na mini PCIe yawanci U.FL ne, na M.2 kuma MHF4 wanda ya fi ƙanƙanta, ba sa shiga juna.

Kebul dole 50 ohm. Na dish da talabijin 75 ohm ne, ajiye shi. Kuma kowace mita tana cin siginal, RG-58 yana cin kusan 1 dB a mita a 2.4 GHz, LMR-400 mai kauri kuma wajen 0.22 dB, a 5 GHz duk sun fi haka ci. Kaga in ka sayi eriya mai 9 dBi ka ja mata RG-58 mita goma, ka cinye riba har da uwar kuɗi. In babu kebul mai kyau, kai akwatin kusa da eriyar ka ja masa wayar netwok, ita tana tafiya mita 100 ba asara, ka tura wuta ta cikinta, abin da ake kira PoE.

6. Ajiye saiti, sa direba

Kafin ka kashe na'urar sauke kwafin saitinka a kwamfuta. Sannan tun intanet yana aiki ka sa direban sabon katin, a OpenWrt misali kmod-ath9k, ko kmod-ath10k tare da ath10k-firmware-qca988x, ko kmod-mt7915e, ka ƙara da pciutils don ka samu umarnin lspci mai nuna katunan da ke cikin ramuka. Mutane na mantawa da fayil ɗin da ake lodawa cikin katin kansa, su sa direba kawai, kati ya bayyana amma ya ƙi tashi.

7. Buɗewa da canza kati

Zare wuta gaba ɗaya, har da wayar PoE. Sukurori galibi suna ɓoye ƙarƙashin robobin ƙafa ko sitika. Zagaya da katin roba a hankali har maƙallan su saki. Da ka buɗe, ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, wace waya ke kan wane baki, wallahi bayan minti goma ba za ka tuna ba.

Cire jelar tsohon kati ta hanyar ɗaga kan ƙarfen sama a miƙe da farce ko ɗan tsinken roba. Kar ka ja wayar, kar ka sa filaya. Ni da filaya na taɓa tumɓuke soket ɗin gaba ɗaya daga jikin kati sabo fil, shi ke nan bakin ya tafi. U.FL an yi shi ne ya jure cirewa da mayarwa kamar sau 30 kacal, ba abin wasa da shi ba ne.

Kwance sukurun da ke danne katin, zai ɗago da kansa a karkace, zare shi a haka. Riƙe sabon ta gefe, kar yatsa ya taɓa haƙoran zinaren, tura shi a karkace har ya shige duka, danna shi ƙasa ka ɗaure. In ya zo da ƙarfen shan zafi, tabbata murfi zai rufu kuma ba ya taɓa wani abu. In akwatin ƙarfe ne, ɗan kushin zafi tsakanin kati da jikin akwati yana taimakawa sosai.

8. Jela da eriya

Ni na fi son in fara ɗaure kan RP-SMA a ramin akwati da wosha da noti, sannan in kawo ɗaya ƙarshen kan kati, don kar wayar ta murɗe. In za ka huda sabon rami cire fanel ɗin daga akwati tukuna, garin ƙarfe ɗaya in ya faɗa kai ya isa ya haɗa wuta. Bar tazarar aƙalla santimita 6 tsakanin eriya da eriya, rabin tsawon zangon 2.4 GHz ke nan, in ka samu fiye da haka ya fi.

Ɗora kan U.FL daidai saman soket, ka ji ya zauna a tsakiya, sannan ka danna da yatsa har ka ji ƙas. In ya ƙi, bai daidaita ba ne, ɗaga ka sake, kar ka ƙara ƙarfi. Kar ka lanƙwasa jelar sosai, kar murfi ya matse ta, ɗan tef ya riƙe ta nesa da wurin da wuta ke shiga.

Ɗaura duk eriyoyin kafin ka sa wuta. Rediyo in ya watsa babu eriya, fawar komawa take cikinsa, tana iya ƙona sashen ƙara ƙarfi, kuma ba lallai ya mutu ɗungurungum ba, sai dai ya koma mai rauni kana ta neman dalili. Ɗaurin hannu ya isa, ba sai da sifana ba.

9. Kunnawa da saiti

Shiga ta kebul ɗin netwok. Buga lspci, in katin bai fito ba kashe ka sake zaunar da shi, ko ramin ne ba na PCIe ba. In ya fito amma iw list bai nuna sabon rediyo ba, duba dmesg, galibi za ka ga yana kukan fayil ɗin da ya rasa. A cikin iw list tabbata akwai AP, wato akses foyin, a jerin abin da katin ke iyawa. In shafin saiti bai nuna shi ba, wifi config zai ƙara shi.

Sa lambar ƙasar da kake, ita ke faɗa wa rediyo tashoshi da fawar da doka ta yarda. Abin da doka ke aunawa shi ne jimilla: fawar kati, a tara da dBi na eriya, a cire asarar kebul. Kati a 17 dBm, eriya 5, kebul ya ci 2, ka samu 20 dBm, wato 100 mW, iyakar 2.4 GHz a Tarayyar Turai ke nan. A Amurka an yarda har 30 dBm da eriya mai 6 dBi. Na'urar ba ta san ka canza mata eriya ba, kai za ka rage fawa da hannunka. Ni ma ko doka ta ba ni dama ba na kaiwa ƙarshe, wajen 14 zuwa 17 nake farawa a cikin gini, kati ya yi sanyi, wayoyi su daina maƙalewa da siginal ɗin da ba za su iya amsawa ba.

A 2.4 GHz zaɓi tasha 1, 6 ko 11 da faɗin 20 MHz, kar ka buɗe 40. A 5 GHz fara da 36 zuwa 48. Daga 52 zuwa sama akwai tashoshin DFS da ake rabawa da radar, rediyon kan yi shiru aƙalla minti ɗaya yana saurare kafin ya fara watsawa, kar ka ɗauka ya lalace.

10. Sake aunawa

Miƙar da eriyoyin sama, koma wuraren nan na takardarka da wayar da ka yi awon farko, ka tsaya yadda ka tsaya. In kana son bene na sama ya samu, kwantar da ɗaya ka sake aunawa. Canza abu ɗaya a lokaci guda. Duba kuma ta ɓangaren na'urar da iw dev, sunan rediyon, station dump, zai nuna yadda ita ke jin wayarka, a katuna da yawa har da lambar kowane baki daban. In baki ɗaya ya gaza 'yan'uwansa da 10 dB ko fiye, jelarsa ba ta zauna ba ko kan bai dace ba. Bar shi ya yi awa ɗaya da lodi ka taɓa jikin akwatin, in yana mutuwa yana tashi fara da canza adaftar wuta zuwa mai amfiya fiye da ta da, amma volt ɗinsu iri ɗaya.

11. In eriyar a waje za ta zauna

Ruwa ne abokin gaba. Naɗe kowane kai da tef ɗin roba mai haɗewa da kansa, daga ƙasa zuwa sama, ka rufe da baƙin tef. In babu mai haɗewar, baƙin tef zalla zai riƙe na ɗan lokaci amma rana za ta sake shi, ka sa a ranka za ka sake hawa. Bar kebul ya ɗan sauko ƙasa ya lanƙwaso kafin ya shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Sa na'urar kariyar tsawa a kan kebul ɗin, ka haɗa ta da sandar eriyar da waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, kuma kar ka kafa sanda kusa da wayar wuta.

In gini da gini ne, ganin juna da ido kawai bai isa ba, siginal yana buƙatar fili kewaye da layin. A nisan kilomita 1, a tsakiyar hanya kana son sarari kamar mita 3.4 ƙasa da layin in 2.4 GHz ne, kamar mita 2.2 in 5.8 ne, babu bishiya babu rufin kwano a ciki. Eriyoyin biyu su tsaya salo ɗaya, in wannan a tsaye waccan ma a tsaye, in ka saɓa za ka iya rasa har 20 dB. Wajen saitawa mutum ɗaya ya riƙe sanda yana juyawa kaɗan-kaɗan, ɗaya yana karanta masa lamba, a dakata daƙiƙa kamar goma bayan kowane motsi domin lambar ba ta canzawa nan take. Fara da hagu da dama, in ka samu inda ya fi ƙarfi ka ɗaure, sannan sama da ƙasa. Bayan ka matse notin ƙarshe sake duba lambar, matsewar kanta tana karkatar da kwano.